Jar Laima da Lasifikar Kawu

Zuwa ga Kawuna, sarkin lasifika,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Inna da duk masu ɗumama bencin gidan kallo. Yaya maƙogwaron? Direba, mai kai mana saƙo tsakaninmu, ya ce mini wancan zuwan ya tarar da kai kana kurɓar ruwan ɗumi da zuma kafin a kunna majigi, wai muryar har shaƙewa take yi. Ni lafiyata ƙalau, sai kewarku.

Na san za ka ce me ya hana ni kira. Ai kai ka hana, tun ranar da ka ce in ka riƙe waya bakinka ba ya iya magana sai da gishiri, takarda ce kaɗai ke sa ka faɗi gaskiya. To ga takarda.

Albishirinka, Kawu! Na samu aiki, kuma ba ko'ina ba sai kamfanin da ke zuba finafinai a wayoyin mutane. Ofishinmu a hawa na sama yake, kowa da teburinsa da abin saurare a kunne, shiru kamar ɗakin jarrabawa, amma kowa fim yake kallo kuma a biya shi. Muna da wata na'ura da ke sauraron kowane yare, ta juya shi zuwa harshenmu, ta ba namiji muryar namiji, tsohuwa muryar tsohuwa, har da shesshekar kuka. Nawa aikin shi ne in bi bayanta ina gyara inda ta yi tuntuɓe. Ranar farko kasa zama na yi, ina ta tuna ka tsaye a gefen farin ƙyalle da lasifika a hannu, kana yi wa mutum goma magana da baki ɗaya, a fim ɗin da ba ka jin ko kalma guda ta yarensa.

Ga abin da na yi. Na roƙi shugabar sashenmu, ta ba ni ɗan akwatin da muke ba wa gidajen kallo. Yana hannun Direba. Ka jona shi da majigi, igiyar baƙa a baya, fara a gefe. Na zuba maka finafinai da yawa, amma na farko shi ne naka na kanka, wanda ka raɗa wa suna Mai Jar Laima. Na sha wuya kafin in gano shi, don ba wanda ya san shi da wannan sunan sai mu. Na'ura tana gama fassara shi Direba yana tayar da mota, don haka ban kalla ba. Ko ma dai na samu lokaci ba zan riga ka ba, kuma ai na haddace shi tun ina yaga tikiti a bakin ƙofa: wa yana neman ƙanwarsa da ta ɓace, har ya same ta a tashar jirgi cikin ruwan sama, ya sa mata awarwaron mahaifiyarsu.

Ka huta da maƙogwaro, Kawu. Yanzu mutane za su ji ainihin abin da ake faɗa.

Taka har kullum,
'Yar Tikiti

*

Zuwa ga 'Yar Tikiti, wadda ta zama babbar ma'aikaciya,

Na amsa gaisuwa, na kuma gode wa Allah da wannan aiki. Muna lafiya. Innarki ƙafarta ce ke ɗan damunta, maƙogwarona kuwa Direba ya faye surutu, ƙura ce kawai ta silin. Sai da na karanta wa Innarki takardarki sau biyu, ta ce ita tun kina ƙarama ta san zaman kallo ne zai ci da ke.

Akwati ya iso. Da na gan shi na ɗauka Direba ya sace na gasken ya kawo mini kwalin sabulu. Wannan ɗan abin ne zai yi aikin da na tsufa ina yi? Na jona shi da rana ba kowa, na kunna wani fim ɗin faɗa da ke ciki, sai ga wani ƙato mai gashin baki ya buɗe baki ya yi magana da harshenmu tiryan-tiryan. Wallahi sai da na waiwaya in ga wa ya shigo. Na yi ta dariya ni kaɗai har Innarki ta buga ludayi a bango. Kin dai san ta, kicin ɗinta na jingine da bayan ƙyallen, in na yi yawa a lasifika sai ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, wato a rage.

Kin zo a kan gaɓa, don ban gaya miki yadda abubuwa suke ba. Gidan kallo ya yi sanyi. Samari kowa da nasa gidan kallon a aljihu, suna wucewa ta ƙofarmu kai a sunkuye. Waɗanda suka rage su ne Wanzami da Tela da tsofaffin da ke zuwa shan iskar fanka. Mai ginin, wato mamallakin gidan kallon, ya fara zuwa da wani mutum suna auna bango da igiya, na ji ana maganar ɗakin ajiye siminti. Ya ce mini in benci bai cika ba kafin damina, sai dai haƙuri.

To zai cika! Na sa an rubuta allo da jan fenti an kafa a bakin titi: Mai Jar Laima zai yi magana da bakinsa. Ban kunna shi ba tukuna, na ajiye don mu ji tare da jama'a ranar Asabar ta sama. Wanzami yana ta shela, duk wanda ya zauna a kujerarsa ba ya tashi sai ya yi alkawarin zuwa. Na sa an gyara fanka ta uku, wadda ke kuka kamar akuya. Ni kuma zan zauna a benci kamar kowa in miƙe ƙafa, abin da ban yi ba tun kafin a haife ki.

Sai dai layinki na ƙarshe. Kin ce za a ji ainihin abin da ake faɗa. To ni da me nake ba su duk shekarun nan, jabu? Wasa nake yi, kada ki tayar da hankali. Yarensu ne ban sani ba, amma fuska ai fuska ce, kuma hawaye ba ya bukatar tafinta.

Yaushe za ki zo? Kujerar bakin ƙofa tana nan, ba wanda ya iya yaga tikiti a miƙe tun da kika tafi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya, a yafe mini gajeruwar gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan. Don Allah kada ka kunna Mai Jar Laima a gaban mutane. Ka kunna kowane fim, ban da shi.

Da na karanta maganar allo da jan fenti sai zumuɗi ya kama ni, na kasa haƙuri na kalle shi a ofis. Kawu, mai laimar nan ba wan yarinyar ba ne. Ɗan sandan ciki ne. Ita kuma ba ɓacewa ta yi ba, gudu take yi, don ita ta kwashe gwalagwalan wancan gidan mai bene. Hoton da yake nuna wa mutane yana tambaya, wanda kake cewa shi ne hoto ɗaya da ya rage masa na ƙanwarsa, daga ofishinsu aka ba shi. A tashar jirgi kuwa, inda duk zauren ke sharar hawaye, abin da ke ƙyalli a hannunta ba awarwaro ba ne, ankwa ce. Abin da ya ce mata a hankali ƙarƙashin laima shi ne, kina da damar yin shiru.

Na zauna na riƙe baki har abokiyar aikina ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ban san dariya zan yi ko kuka ba. Ka ce kowa ya zo, ka ba su fim ɗin ƙaton nan mai gashin baki, za su ji daɗinsa. Wancan mu yi shawara tukuna.

Maganar ainihi kuma, wallahi ba haka nake nufi ba. Maƙogwaronka kawai nake tausayi. Zuwa kuwa sai aiki ya ɗan lafa, sabuwar ma'aikaciya ba ta neman hutu.

Na roƙi Direba ya miƙa maka wannan hannu da hannu kafin Asabar.

'Yar Tikiti

*

Kawu,

Gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na je tasha ba Direba ba motarsa, aka ce ta lalace a hanya. Takardata ta iso kuwa? Na kira wayar Tela, ya ce komai lafiya, har ma gidan kallo cika yake yi, amma ya ƙi ya kai maka wayar, wai ka ce ba ka da abin faɗa. Kai ne ba ka da abin faɗa? In fushi kake yi da ni ka rubuto ko layi ɗaya ne ka yi mini faɗan.

'Yarka

*

'Yar Tikiti,

Lafiya lau muke, kuma ba fushi. Takardunki biyu tare suka iso, bayan an gama komai, Direba yana ta rantsuwa da injin motarsa.

Bari in ba ki labari yadda ya faru, ba gishiri. Zaure ya cika har ana zama a taga. Samarin da ke wuce mu kai a sunkuye su ne a sahun gaba. Mai gini ya zo da kansa da sabuwar riga. Na zauna tsakanin Wanzami da Tela, na miƙe ƙafa kamar yadda na yi alkawari. Da mutumin ya buɗe laimarsa ya ce ina kwana da harshenmu, tafi ya ɓarke har sai da na mayar da fim baya. Abin nan naku yana da daɗi, 'yata. Muryar tas, ba tari, ba tsayawa shan ruwa.

Can sai ya zaro hoton ya ce wa mai shago, ka ga wannan ɓarauniyar? Tela ya dube ni. Na ce masa wasan wa da ƙanwa ne. Aka ci gaba. Ya shiga ofis aka sara masa. Wanzami ya ce, Malam, yaushe ya shiga aikin ɗan sanda? Na ce neman ƙanwa ai sai da hukuma. Daga nan kuma kowane layi sai ya kwance wanda na ɗaura. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Da aka zo tashar jirgi, ankwa ta yi ƙaras, wani yaro ya yi ihu, ga awarwaron Kawu nan! Zauren ya kife. Har da masu faɗowa daga benci. Tela, wanda ya jiƙa hankici a wannan wurin sau ba adadi, shi ne ya fi kowa riƙe ciki.

Ni ma na yi dariyar, me zan yi? Kuma abin da ban dariya.

Ga labari mai daɗi. Tun ranar ba mu sake ganin benci ba kowa ba. Mutane suna zuwa su ji gaskiyar duk finafinan da na taɓa ba su, suna cacar baki a kan wanne na fi shararawa a ciki. Ashe wanda na ce likita ne mahauci ne. Mai gini ya sallami mai igiyar awo, har ya ce zai sake mana rufi. Kin ceci gidan kallo, kuma na gode, da zuciya ɗaya nake faɗa.

Lasifika na naɗe ta a tsohon zanen Innarki na sa a ƙarƙashin gado. Aikina yanzu in danna madanni in zauna a kujerarki ta bakin ƙofa. Maƙogwaro ya warke sarai. Kin ce za a ji ainihi, an kuwa ji.

Kawunki

*

'Yata,

Ni ce Innarki. Ki yi haƙuri da rubutun, na daɗe ban riƙe biro ba. Ƙafa da sauƙi. Kawunki bai san na rubuto ba, kuma ba sai ya sani ba.

Ya ce miki lafiya lau, ko? Jiki dai lafiya. Amma mutumin da ko gishiri zai ce a miƙo masa sai ya yi da muryar sarki ko ta ɓarawo, yanzu nuni yake yi da hannu. Gidan ya yi mini faɗi.

Kin san ban taɓa shiga zauren nan ba. Duk finafinan duniya ta bangon kicin na ji su, ina wanke-wanke. Ban san fuskar kowa ba, muryar mijina na sani. Akwatinki ma ina jin sa, ya iya magana, ban raina masa ba. Sai dai shi in na buga ludayi ba ya ragewa.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da mai laimar nan, tun da kin girma. Farkon zuwan fim ɗin, labarin saurayi da budurwa Kawunki yake bayarwa, ba wanda ya damu da shi. A shekarar ne aka yi wa mahaifinki canjin wurin aiki zuwa nesa, mahaifiyarki ta bi shi. Su biyu ne kawai a wurin iyayensu, ita da Kawunki. Shi ya raka ta tashar jirgi, ana ruwa, da laimar aro. Ta ce masa da damina ta wuce za ta zo ganin gida. Damina ta wuce, wata ta wuce, yau aiki gobe hidima, yana ta aika takarda tana cewa sai an ɗan samu sarari. Abin da ya dawo mana a ƙarshe ke ce, a kafaɗar mahaifinki, da jakar kayanta.

Bayan an share makoki ya koma aiki, ina kicin na ji ya kunna mai laima, sai na ji labari ya canza. Ranar ban buga ludayi ba. Tun daga nan duk sanda aka kunna fim ɗin sai ya je tasha ya dawo da ita gida. Mutane suna kuka ba su san dalili ba, ni na sani.

Ba don ki ji ciwo na faɗa miki ba, ke alheri kika yi. Amma ke kika san kan na'urorin nan. Ki duba ko a cikin duk wayonsu akwai inda za a samar wa tsoho wurin tsayawa.

Innarki

*

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da ƙafarta. Ka zauna sosai kafin ka karanta, don yau ma da albishir na zo, kuma wannan karon na kalli abin kafin in aiko!

Na ba abokan aikina labarinka a wurin cin abincin rana, na yi musu Mai Jar Laima yadda kake yi, da muryoyin da komai, iya abin da na iya. Da farko dariya suke yi. Da na kai tasha sai na ga cokula sun tsaya. Shugabarmu ta ce, wannan mutumin yana raye? Na ce yana nan, yana yaga tikiti a karkace.

Ka san a manhajarmu mai kallo yana zaɓar muryar da yake so, ko ta asali ko ta fassara. Shugaba ta yarda a gwada ƙara zaɓi na uku a tsofaffin finafinan da kamfani ke da izininsu. Za a rubuta a fili cewa wannan ba fassara ba ce, labarin mai lasifika ne, don kada kowa ya ce an ruɗe shi. Ashe akwai irinka a wurare da yawa, kuma yawancinsu sun ajiye lasifika ba wanda ya ɗauki muryarsu. Kai ne za ka zama na farko. Kawu, muryarka a aljihun samarin nan masu sunkuyar da kai!

Direba zai ba ka ɗan abin ɗaukar murya, kamar kwalin ashana yake, ka maƙala a wuyan riga ka danna jan madanni. A jikin akwatin kuma akwai madanni mai hoton baki, in ka danna shi mutanen fim za su yi shiru, sai kiɗa da ƙarar ruwa kawai za a ji. Ka samu ɗaki shiru, ka rufe taga, ka yi mana Mai Jar Laima daga farko har ƙarshe. Kada ka gyara komai. Wa da ƙanwa nake so, da awarwaron.

Ba don kamfani kawai nake roƙo ba. Ni ce nake son in sake ji, yanzu da na san yadda ake sauraronsa.

'Yar Tikiti

*

'Yar Tikiti,

Muna lafiya, har mun fi lafiya. Na daɗe ban amsa ba don ban so in aiko miki da hannu wofi. Yadda kika rufe takardarki kuma ya nuna mini Innarki ta yi aikinta. Na tambaye ta, ta ce ita biro ma ba ta san inda yake ba, alhali ga tawada a yatsanta.

Na bi umarninki. Na rufe ɗaki, na maƙala kwalin ashana, na danna ja. 'Yata, ba abin da ya fito. Na buɗe baki na ji kaina kamar mai karanta sanarwar ɓatan akuya. Na gwada washegari, haka. Sai na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. Ni ban taɓa ba da labarin nan iri ɗaya sau biyu ba. Benci nake saurare. In ya yi ƙara na san sun gaji, sai in jefa abin dariya. In Wanzami ya yi katsalandan in mayar masa, daga nan sabon zance ya ɓullo. In na ji an daina tari, na san na kama su, sai in sassauta murya. Ba mutane, ba ni. Har na nannaɗe abin zan mayar miki.

Innarki ce ta ce, to ka yi a zaure mana. Na ce a gaban waɗanda suka san ankwa ce? Ta ce da can da ba su sani ba ai ko yaro zai iya, yanzu ne za a ga ko ka iya aikin.

Mai gini ya ba ni yamma ɗaya yana ɓata rai. Na sake allon: Mai Jar Laima, daga bakin maƙaryacin da kuka sani. Aka cika, rabinsu don su yi dariya suka zo. Na zaro lasifika daga ƙarƙashin gado. Samarin gaba duk sun buɗe fassarar gaskiya a wayoyinsu suna jira na. Sai na ce, ku masu waya ku sa ido sosai, duk inda kuka kama ni na faɗi gaskiya ku tsayar da ni. Aka yi dariya, amma wannan karon tare da ni aka yi.

Daga nan fa baki ya buɗe. Suna jefo mini gaskiya ina cafewa. Da aka sara masa a ofis suka ce to fa, ɗan sanda ne! Na ce ƙwarai, ya nemi ƙanwarsa a matsayin tela bai samu ba, a matsayin wanzami ya ɓata lokaci da surutu, shi ne ya shiga ɗan sanda. Wanzami ya miƙe zai rama aka zaunar da shi. Da aka nuna ta tana kwashe gwalagwalai na ce kuɗin jirgin komawa gida take haɗawa, kowa ya san tafiya da tsada. A hankali na ga hasken wayoyi yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Aka zo tasha. Ruwa yana zuba, ya buɗe laima, ya kama hannunta. Ban shirya komai ba, wallahi. Ƙarfen ya yi ƙyalli, Wanzami ya ce, amma ba da ƙarfi ba, Malam, ankwa ce fa. Na ce na gani. Na ce ankwa ce. Sai na ba mai laima murya, ya ce mata, wancan karon awarwaro na sa miki na sake hannunki, kika ce bayan damina. Wannan karon ɗaya a hannunki ɗaya a nawa, mabuɗin kuma na jefa a rijiya. Mu je gida.

Ba wanda ya yi tari. Tela ya nemi hankici bai zo da shi ba, ya yi da hular Wanzami. Sai ga ludayi a bango, ba sau ɗaya ba, ta yi ta bugawa kamar za ta fasa ginin, jama'a suka ɗauka da tafi.

Kwalin ashana yana hannun Direba, na ce in motarsa ta sake lalacewa ya ƙarasa da ƙafa. Akwai hayaniya a ciki da yawa, in bai yi muku ba ba komai. Mai gini ya ce Asabar tawa ce, sauran kwanaki na akwati, mun raba aiki ni da abokin aikina. Maƙogwaro ya dawo da ciwonsa, alhamdu lillahi.

Kawunki, mai lasifika

*

Kawu,

Gaisuwa gare ka da Inna. Ya iso, kuma ya yi! Na'urarmu tana ji ta ce akwai hayaniya, tana neman izinin gogewa: ƙarar benci, kukan fanka, muryar wani mutum mai katsalandan, da wani bugu a bango da ta kasa gane ko mene ne. Na ce mata a'a. Shugaba ta saurara ta ce kada a taɓa ko tari ɗaya. An sa shi a manhaja, kuma mutane daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba suna ta rubuto tambaya, wane ne Wanzami, kuma yaushe za a sake wani. Ka shirya, akwai likitan nan da ya zama mahauci yana jiran ka wanke shi.

Ni kuwa a teburina na saurara, abin ji a kunne, cikin ofis ɗin nan mai shiru. Da ka kai wurin bayan damina sai na tashi na buɗe aljihun tebur na duba kwafin takarduna. Zuwa sai aiki ya lafa, haka na rubuta maka. Na ji kunya, na kuma ji tsoro, na yi kuka har abokiyar aikina ta sake tambaya ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, hutu zan nema.

An ba ni. Wannan takardar tana aljihun Direba, ni kuma ina kujerar bayansa, don haka kana gama karantawa ka ɗaga kai. Ka tashi daga kujerata, ranar Asabar ni zan yaga tikiti. Ba sai ka nemo ankwa ba, Kawu, na zo da ƙafata.

'Yarka,
'Yar Tikiti